Minti Huɗu a Tsakar Gida

Litinin, 7 ga Yuli, bayan sallar Asuba

Jiya da la'asar Yaya Ukasha ya zo da mota daga Roni ya tafi da ƙanwarsa. Matata ke nan, Halima Sa'adiyya, wadda duk unguwarmu a Kazaure ke kira Malama saboda shekara ashirin da shida da ta yi tana koyarwa a firamare. Ya ce Hajiya Tasalla, mahaifiyarsu, ita ta ce ta je gida ta huta kwana biyu. Na ce to. Ni da kaina na ɗauki jakarta na kai mota. Ba yaji ba ne, hutu ne. Haka aka ce min, haka kuma na faɗa wa maƙwabta.

Wannan littafin na atisayenta ne. Tun watan Maris da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta nake rubuta komai a ciki: taku nawa ta yi, sau nawa ta ɗaga ƙafa, sau nawa ta matsa ƙwallon tanis da hannun dama. Yau babu abin rubutawa, hannuna kuma ya saba, ƙarfe shida na yi sai ya nemi biro. To ga shi, yau ni zan shiga littafin.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

A ofishin wasanni inda nake aiki mutum uku suka tambaye ni jikin Malama. Na ce da sauƙi, ta je ganin gida. Ɗaya ya ce ai gara haka, canjin wuri ma magani ne. Na ce ƙwarai.

Ruwan jiya ya wanke layukan da na zana a tsakar gida, daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin darbejiya, kowane layi taku goma. Na ɗauko ragowar allinta na makaranta na sake zana su. In ta dawo kada ta tarar an koma baya.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan Magariba

Ban kira ba. Ba ta kira ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

'Yarmu Mu'minat ta kira daga gidan mijinta a Babura. Ta gaishe ni tsaf, ta tambayi aiki, ta tambayi damina, har ta tambayi akuyar gida. Na san ta, in ta tsawaita gaisuwa akwai magana a bayanta.

Ta ce, "Abba, a gaban Hajiya?"

Na ce ba ta san yadda abin ya faru ba.

Ta ce, "Anti Rahamatu tana wurin, ta faɗa min komai." Rahamatu matar Yaya Ukasha ce, kuma in ta ce komai to komai ɗin ne har da ƙari.

Na ce, "Ummanki a watan Maris ko zama ba ta iyawa. Yanzu tana taku arba'in. Wa ya yi wannan?"

Can ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce tuwonta na kan wuta. Ƙarfe goma na safe wa ke tuƙa tuwo?

Asabar, 12 ga Yuli, bayan La'asar

Na je filin tanis na tsohuwar makarantar nan da ke bayan dutse. Siminti duk ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, ragar ma rabinta igiya ce. Na buga da bango awa guda. Bango abokin wasa ne na kirki, ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya da wa a Roni.

Ina ta tuna Kyaftin Muhammad Sani, Allah ya jiƙansa. Tsohon soja ne, shi ya ɗauko ni daga tsintar ƙwallo a wani kulob a Kano ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ya damƙa min raket. Ba ya ɗaga wanda ya faɗi. In ka faɗi sai ya duba agogo. Cewa yake a fili babu uwarka babu ubanka, kai ne da raga da mutumin da ke can ɗaya gefen yana fatan kada ka tashi. Da wannan horon na je Legas, na je Lome da Abijan da Kasabalanka, har wani ƙaramin gari a Faransa inda sanyi ya kusa hallaka ni. Shekara goma sha uku ina cin abinci da raket, da shi na gina gidan nan. Ban san wata hanyar tayar da mutum ba.

Na juya shafukan baya. Maris, taku babu. Afrilu, shida da sanda. Mayu, ashirin da biyu. Yuni, arba'in. Wanda ya ga wannan ya ce na cuce ta, to ya zo ya faɗa min a fuskata.

Akwai layin atisayen hannunta a gefen shafin. Ban duba shi ba.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Asuba

Kwana biyun ya zama takwas.

Laraba, 16 ga Yuli, da rana

Na kira Yaya Ukasha. Ya ce lafiya lau, tana barci. Ƙarfe goma sha ɗaya na rana. A gidana wannan lokacin ɗaga ƙafa ne. Na ce a gaishe ta, ya ce za ta ji. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba, shi ya sa maganarsa ke da nauyi.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Magariba

Na hau mashin na je Babura. Na ce zan duba Mu'minat, amma rumfar Falalu na fara sauka. Da shi muka yi shekara bakwai muna wasan tanis na biyu-biyu. Yanzu hatsi yake saye da sayarwa, rabin abokan cinikinsa mutanen Nijar ne, ya yi tumbi kamar bai taɓa gudu ba a rayuwarsa.

Yana hango ni ya ɗaga murya, "Zakaran Kazaure! Yau an tuna da talakawa?"

Ya sa aka kawo fura. Ya riga ya ji labari, a ƙasar nan magana ta fi mashin gudu. Bai tambaye ni ba, sai ya ce, "Halliru, ka tuna Lome?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Wuyan hannunka ya tsage. Likita ya ce wata uku, kai ka koma fili bayan sati uku ka naɗe shi da bandeji. Daga nan ka ƙara cin wani wasa na kirki?"

Na ce na ci a Kaduna.

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. "A Kaduna wani tsoho ka ci, mai ciwon gwiwa, ni ina wurin." Ya goge baki. "Ni ranar da na daina, rago na yanka, na faɗa wa kowa an gama. Kai kuwa har yau in aka tambaye ka sai ka ce kana hutu. Shekara ashirin da biyu kana hutu, mutumina. Allah ya ba ka lafiya ka koma."

Na yi dariya tare da shi, amma ban ji daɗi ba.

A gidan Mu'minat an yi min dambu. Ta zauna nesa kaɗan tana tsintar shinkafa, ba ta kallona. Ta ce ta je Roni ranar Talata. Na ce yaya jikin? Ta ce Umma tana cin abinci, tana hira, har ta yi dariya. Na ce me ta ce a kaina?

Ta ce, "Abba, in faɗa?"

Na ce faɗi.

"Ta ce ta gaji da zama ɗaliba a gidanta."

A hanyar dawowa hadari ya haɗo ta gabas, na tsaya a wata rumfar kara har ya wuce. Gero ya yi kyau a yankin nan bana.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan Azahar

Bari in rubuta shi, tunda kowa ya sani sai littafin nan.

Ranar Asabar biyar ga wata Hajiya Tasalla da Rahamatu suka zo dubiya. Na so su ga ci gaba. Na ce Malama ta ajiye sanda ta taka daga ƙofa zuwa darbejiya. Ta ce min a hankali yau ba ta jin ƙarfi. Na ce ba a jiran ƙarfi. Ta taka. A layi na uku ƙafar ta harɗe, ta faɗi a kan ɓarin da ba ya motsi, zanenta ya kwance.

Hajiya ta yunƙura za ta tashi, tsohuwa mai shekara kusan tamanin. Na ɗaga mata hannu. Surukata, wadda shekara talatin ban taɓa haɗa ido da ita ba, na ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota, na ce, "Ku bar ta, za ta tashi da kanta."

Ta tashi kuwa. Ta ja jiki zuwa turmi, ta dafa, ta miƙe. Rahamatu ce ta ruga ta ɗaura mata zane.

Ga shi nan a shafin ranar, da rubutuna: Faɗuwa ɗaya. Tashi ba taimako, minti huɗu. Har na ja layi a ƙarƙashi, don a lokacin murna nake.

Talata, 22 ga Yuli, da yamma

Na je Gwiwa wurin Kawu Haladu, ƙanen mahaifiyata, shi ya rage min a manya. In za a je biko shi zai shige gaba. Eh, biko. Na daina cewa hutu.

Na same shi a gona yana maimai. Bai ajiye fartanya ba sai da ya kai ƙarshen kunya. Muka zauna a gindin gawo, na ba shi labari.

Ya ce, "To in mun je me za mu ce?"

Na ce mu ba da haƙuri.

"Haƙurin me?"

Na ce na ɗaga wa Hajiya hannu, wannan rashin kunya ne, na yarda.

Ya ce, "Wannan na Hajiya ne. Na matarka fa?"

Na ce Kawu, ita ai taimakonta nake yi. In na saba mata da ɗagawa ba za ta taɓa tashi ba.

Ya ce, "Kai dai tun kana yaro in ka kafe sai Allah. Ni ban san wasanku na Turawa ba. Amma saniyata in ta faɗi a laka ba na tsayawa in ga ko za ta fita, shiga nake in lalace tare da ita." Ya ce zai je, don zumunci, ranar Asabar in ya gama gonar. Ya ce in sayi goro mai kyau, in kuma bar masa magana, kada in buɗe baki sai an ce in buɗe.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan Asuba

An yi ruwa. Na sake zana layukan.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Magariba

Mun je Roni. An karɓe mu da mutunci, an shimfiɗa mana darduma a zauren Yaya Ukasha, aka kawo ruwa da fura. Kawu ya yi magana yadda manya ke yi, ya zagaya ya zagaya, ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ya ce yaronsa ya yi kuskure ya zo a yafe masa. Ni ne yaron, da furfurata. Aka shigar da mu wurin Hajiya, na durƙusa daga bakin ƙofa kaina a ƙasa. Ta ce ita ba ta riƙe ni ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta ce ai ta san ɗawainiyar da na yi, ba kowane namiji zai yi ba.

Komai ya tafi daidai. Muka koma zaure, Yaya Ukasha ya ce bari ya aika a gaya wa Sa'adiyya. Har ya miƙe.

Sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, tana dai yin atisayen kuwa? Don in aka yi sati uku ba a matsa ƙwallon nan ba, hannun zai sandare."

Kawu ya taka min ƙafa. Yaya Ukasha ya tsaya, ya dube ni, ya shiga ciki. Labulen zauren ba shi da kauri, kuma na san tana bayansa, na ji ƙarar sandarta. Ya daɗe. Da ya fito ya ce ta gaishe da Kawu ƙwarai, ta ce a ƙara mata kwanaki.

A mota Kawu bai yi min magana ba har muka kusa Gwiwa. Da zai sauka ya ce, "Na gina maka rijiya da hannuna, ka zo ka tura ƙasa. Kada ka sake kirana sai ka san abin da kake nema."

Na ji haushin kaina, na ji haushinsu. Tambaya ce kawai.

Litinin, 28 ga Yuli, da rana

Ba tambaya ce kawai ba.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan La'asar

Yau na ɗauki hutu a ofis, na sa hannun dama a aljihu tun safe na ce ba zan fitar da shi ba sai Magariba. Alwala ta gagare ni, buta na zuba ruwa a inda ba a aike ta ba. Mazagin wando na yi ta fama da shi da haƙori. Na fasa kofi ɗaya. Na so in yanka albasa, ta gudu ƙarƙashin murhu.

Wajen Azahar na kama kaina ina duba agogo, ina lissafin cewa maɓallin riga da safe ya ɗauke ni minti biyu, yanzu ya koma ɗaya da rabi, ashe ana ci gaba. Na zauna a bakin ƙofa na yi wa kaina dariya. Ko wahala aka ba ni sai na mayar da ita gasa.

Na fitar da hannun kafin La'asar, don ni ina da ikon fitar da shi.

Daga nan na buɗe layin hannu da nake tsallakewa. Matsa ƙwallo, Maris: babu. Afrilu: babu. Mayu: ɗan yatsa ya motsa, da alamar tambaya. Yuni: babu. Kullum sau ɗari nake sa ta, safe da yamma, in tsaya a kanta ina ƙirgawa. Wata huɗu.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan masallaci

An yi ruwa. Ban zana ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, da hantsi

Yaya Ukasha ya kira. Ta ce in je gobe, ni kaɗai, ba Kawu ba goro.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan Magariba

Na same ta a rumfar tsakar gidansu, a kan kujera, hannun yana kan cinyarta. Ta yi ƙiba kaɗan. Ta yi kyau, na ji kunyar ganin haka, don a wurina ramewa take yi. Rahamatu ta ajiye ruwa ta ba mu wuri.

Ta ce, "Malam, sannu da hanya." Maganarta a hankali take fita tun ciwon, dole mutum ya jira. Yau na jira.

Ta ce akwai abin da ta ɓoye min. A watan Mayu da muka koma asibiti a Kano, lokacin da na fita sayen magani, likita ya faɗa mata gaskiya. Ƙafa za ta ci gaba. Hannu kuwa kada ta sa rai, sai dai wani ikon Allah.

Na ce me ya sa ba ki faɗa min ba?

Ta ce, "Don na san ka. Da cewa za ka yi likitan rago ne, ka ƙara min sau hamsin."

Wallahi abin da ke kan harshena ke nan. Na haɗiye shi.

Ta ce, "Ba faɗuwar ce ta kore ni ba. Kowa na faɗuwa. Ina ƙasa, zanena a kwance, uwata na kallo, na ɗaga kai ina neman mijina. Sai na ga mutum yana duba agogo."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafata, na zuba mata ido kamar ita na zo gani.

Ta ce, "Ran sunan Mu'minat kana Abijan, ban yi maka ƙorafi ba. Da ka dawo daga Lome da hannu a naɗe, sati uku ni ke yi maka wanka, ni ke ba ka tuwo a baki. Na taɓa ce maka ka gwada da kanka?"

Na ce a'a.

"To. Ƙafar nan kai ka tayar da ita, ba zan ci amanarka ba, Allah ya biya ka. Amma ka ga ɗankwalin nan? Rahamatu ke ɗaura min kullum. Ba ta cewa in gwada. Ɗaurawa take, mu ci gaba da hira." Ta numfasa. "In wadda za ta warke kake jira, ka bar ni a nan, ba na fushi, kai ma ka huta. In kuma wannan za ka ɗauka, mai hannu ɗaya, yadda take, to ina so in ji daga bakinka cewa ka san ba zai dawo ba."

Na ce Malama, ai Allah na iya komai.

Ta ce, "Allah na iya komai. Kai nake tambaya."

Na buɗe baki. Na yi wasa a gaban mutum dubu suna yi min ihu ban ji abin da na ji a rumfar nan ba. Maganar ta ƙi fita. Ta jira, ta jira, sannan ta ce in je in yi tunani, ita ba ta da gaggawa. Ta kira Rahamatu ta kama ta suka shiga ɗaki. Na ƙirga takunta ba da son raina ba. Goma sha tara, ba sanda.

Ina tsoro. Ban taɓa rubuta wannan kalmar a littafin nan ba.

Talata, 5 ga Agusta, bayan Asuba

Hannun Malama ba zai dawo ba.

Na rubuta. Na daɗe ina kallonsa, rufin ɗaki bai faɗo ba. Na karanta shi da ƙarfi sau ɗaya, akuya ce kaɗai ta ji. Na yi kuka, na farko tun rasuwar mahaifiyata, har aka fara sallama a ƙofa ban iya amsawa ba.

Nawa ma bai dawo ba tun Lome. Falalu ya fi ni gaskiya, sai dai ba zan faɗa masa ba, kansa zai ƙara girma.

Laraba, 6 ga Agusta, da yamma

Na koma Roni ba tare da an kira ni ba. Na same su suna gyaran zogale, tana tsinka da hagu. Ban jira an ba mu wuri ba. A gaban Hajiya da Rahamatu na tsuguna, tunda a gabansu na yi na farkon. Na ce, "Malama, na san ba zai dawo ba. Ke nake so ki dawo."

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Can ta ce, "Na ji." Hajiya ta juya fuska tana gyara mayafi.

Na ce wa Rahamatu ina da roƙo, ta koya min ɗaurin ɗankwali. Ta ce, "Ni? In koya wa namiji?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya ta zo ta gani. Aka kifa ƙwarya a kan turmi aka ce ga kai nan. Na ɗaura, ya zame. Na ɗaura, ya rufe wa ƙwaryar ido, in tana da shi. Rahamatu ta ce mutumin da aka ce ya je Faransa, ƙyalle ya gagare shi. Hajiya da kanta ta ce, "Ku bar shi mana, ai yana ƙoƙari." Yau ce rana ta farko da ta kare ni a gaban mutane.

Malama ba ta yi dariya ba, kallo kawai take. Da zan tafi ta ce gobe Yaya Ukasha zai kawo ta bayan Azahar. Ta ce in share ɗakin, ta san yadda na bar shi.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan La'asar

Ta dawo. Ta ce miyata ba gishiri. Ta cinye.

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Ta ce za ta shiga maƙwabta ta yi musu bangajiyar dubiya. Ta zauna a bakin gado ta miƙo min ɗankwali. Na ɗaura. Na ja baya na duba, ya karkace ta hagu, kunne ɗaya a waje. Na ce bari in kwance in sake, wannan bai yi ba, na san zan iya fin haka.

Ta riƙe min hannu da hagunta. Ta ce, "Bar shi."

Na bar shi. Ta yafa mayafi, ta dafa kafaɗata, muka fita da shi a karkace.